Littafin da aka ɗauka da ɗoki aka ajiye a hanya

Duk wanda ya zauna cikin Hausawan Makka ko Madina ko Jidda ya san ba ma rowar kuɗi a kan littafi. Ɗalibi zai rage cefane ya sayi mujalladi. Direba zai ware wani abu daga albashinsa ranar da ya ji malami ya yabi wani littafi a darasin bayan Magariba. Matar gida za ta tura kuɗi Najeriya don a saka ta a zauren WhatsApp inda ake sakin sabon labari kullum. Ɗokin farawa kam muna da shi har ya yi yawa. Abin da ba ma son a taɓo shi ne yawan littattafan da muka fara da wannan ɗokin, muka ajiye su a hanya. Idan aka tambayi mutum sai ya ce "ina kai," alhali rabonsa da littafin tun kafin aikin Hajjin bara.

Ni a ganina ajiye littafi ba abin kunya ba ne, kuma kunyar da muke ɗora wa juna a kansa ta fi ajiyewar ɓarna. Na ga mutanen da littafi guda da suka kasa gamawa ya raba su da karatu baki ɗaya. Mutum ya ɗaure kansa cewa ba zai buɗe wani ba sai ya ƙare wannan, wannan ɗin kuma ya ƙi ciyuwa, sai shekara ta zagayo bai karanta komai ba sai saƙonnin waya.

Na san inda wannan nauyin ya samo asali, kuma asali ne mai daraja. Mu 'ya'yan sauka ne. Yaro zai fara da babbaƙu da farfaru a makarantar allo, ya bi izu sittin ɗaya bayan ɗaya, ranar da ya kai ƙarshe a yi masa zayyana, a yanka dabba, a tara dangi. Daga nan ya shiga zauren malam ya ɗauki Ahalari, ya sauke, ya ɗauki Ishmawi, sai Iziyya, sai Risala, wanda Allah ya nufa har ya kai Muhtasar. A wannan tsarin ba a tsallake, ba a barin littafi a rabi, wanda ya bari kuwa sai a ce ba shi da himma. Tsarin ya dace da abin da aka yi shi dominsa. Littattafan farko ƙanana ne, an jera su kamar matakala, kowanne na miƙa ka ga na gaba, ga kuma malami a gabanka yana fassara maka kalma bayan kalma, yana cewa "tsaya nan, gobe ma ɗora." Inda muka ɓata shi ne da muka ɗauko hukuncin zaure muka shimfiɗa shi a kan kowace takarda mai bango, har da wadda babu malami a kanta, har da wadda mai ita ma bai rubuta ta don a bi ta daga bango zuwa bango ba.

A gidan wani dattijo, ƙanin mahaifina, a wajen Shara Mansur a Makka, akwai kabad mai ƙofar gilashi a majalisar baƙi. A layin sama Fathul Bari ne, mujalladi 13 a jere, sunan littafin da ruwan zinare ya ratsa bayansu gaba ɗaya, har in ka zare ɗaya sai rubutun ya yanke. Mujalladin farko ne kawai gefensa ya yi duhu da taɓin hannu, zaren alamarsa na maƙale a wani wuri da bai kai rabi ba. Sauran suna cikin ledarsu ta shago. Wata rana muna shan shayi ya nuna kabad ɗin da haɓa ya ce mini: "Ɗana, duk sanda na kalli wurin nan sai in ji kamar bashi ake bi na. Na saye shi ne da niyyar in sauke kafin in mutu."

Na ce: "Baba, ai shi kansa mai littafin shekara 25 ya yi yana rubuta shi."

Haka abin yake. Ibnu Hajar ya fara wannan aikin a shekara ta 817 bayan Hijira, bai kammala ba sai a 842, a Alƙahira. Sharhi ne a kan Sahihul Buhari. Amfaninsa ga mafi yawan mutane shi ne idan hadisi ya shige maka duhu ka je ka buɗe babinsa, ka ga abin da malamai suka ce, ka rufe. Gaskiya ne akwai manyan ɗalibai da ke bin irin waɗannan dogayen littattafai daga farko har ƙarshe, amma sai bayan sun yi shekaru suna cin nahawu da musɗalahi da usulu, kuma karatun shi ne sana'arsu. Dattijon da ya yi rayuwarsa yana tuƙi tsakanin Makka da Jidda don ya ciyar da iyali, babu adalci ya riƙa kwana da ciwon cewa bai sauke abin da ba a wajabta masa ba. Haka ƙamus, haka manyan littattafan tarihin malamai masu mujalladi fiye da 20. Wanda ya leƙa su sau goma a shekara don wata buƙata ya ba su haƙƙinsu.

Zamanmu a wannan ƙasa ma yana ƙara mana wannan ɗabi'a ta ɗibar abin da ya fi ƙarfinmu. Littafin da a Zariya ko Zinder sai an yi cigiya, a nan yana shago kusa da Harami, ko a jerin shagunan da ke daura da Jami'ar Musulunci ta Madina. Jami'ar nan tun 1961 take karɓar ɗalibai daga ƙasashen duniya, 'ya'yanmu da yawa sun bi ta cikinta, kuma ɗalibin da ya kammala har wani alawus ake ba shi na jigilar littattafansa zuwa gida. Ga baje kolin littattafai na Riyad da na Jidda da na Madina, inda ake karya farashi, mutum ya shiga da niyyar kallo ya fito da kwali. Ga alhazai da masu Umra, waɗanda ke rage dabino da jallabiya a wajen awon kaya don mujalladai su samu shiga. Duk wannan alheri ne, ba na kushe shi. Sai dai sauƙin samu ya sa muna saye da ido, muna auna littafi da sunan mai shi da kaurinsa, ba mu tsaya mun tambayi kanmu ko mun kai matakinsa ba. Yanzu kuma kabad ɗin ya koma cikin waya. Manhajar Maktaba Shamila ta tara dubban littattafai kyauta, zaurukan Telegram na zubo wasu dare da rana, mutum ya sauke hamsin a zama ɗaya, ya buɗe shafin farko na uku daga ciki, ya manta da sauran.

Akwai abokina malamin makaranta a nan Madina da ba ya yarda da ni ko kaɗan a wannan magana, kuma hujjarsa tana da ƙarfi. Yana cewa idan muka buɗe wa matasa wannan ƙofar, babu littafin da za a sake gamawa. Waya ta riga ta gutsuttsura musu hankali, bidiyon minti ɗaya ma ba sa iya kai shi ƙarshe, sai kuma a zo a ce musu ajiye littafi ba komai? Yana kawo hadisin nan da ke cikin Buhari da Muslim, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Yana kuma cewa littattafai da yawa farkonsu ɗaci ne, zaƙin na can gaba, wanda bai daure ba ba zai ɗanɗana ba.

Na yarda da shi a kan littafin da kake karantawa a gaban malami, da wanda makaranta ta ɗora maka, da wanda ka san matakinka ne kuma kasala ce kawai ke janye ka. A nan haƙuri shi ne magani, shafi biyu kullum ya fi shafi ɗari rana ɗaya a shekara. Na kuma yarda cewa waya ta yi mana illa. Amma hadisin da ya kawo yana maganar dawwama a kan aiki ne, kuma aikin a nan karatu ne. Mutumin da ya ajiye littafin da ya gagare shi ya ɗauki wanda zai iya, ya ci gaba da karatu kullum, shi ne ya dawwama. Wanda ya kafe a kan guda ɗaya har ya daina buɗe komai, shi ne ya yanke.

Ibnu Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, ya ba da labarin kansa a kan irin wannan. Ya ce yana matashi a Buhara ya karanta littafin Aristotle na falsafar abin da ke bayan ɗabi'a har sau arba'in, har ya haddace shi, bai gane inda ya dosa ba. Ya fid da rai, ya ajiye shi, ya ce wannan babu hanyar fahimtarsa. Wata rana a kasuwar masu littattafai wani dillali ya matsa masa ya sayi wani ɗan ƙaramin littafi a kan dirhami uku. Ashe na masanin falsafa Farabi ne, yana bayanin manufofin wancan babban littafin. Yana karantawa abin ya buɗe masa. Abin lura shi ne maimaitawa arba'in ba ta ba shi abin da ɗan littafin dirhami uku ya ba shi ba. Da a ce mutum mai kaifin ƙwaƙwalwa irin tasa zai tsaya cak a gaban littafi, ina ga ni da kai? Sau da yawa abin da ya tsayar da mu ba lalaci ba ne, wani mataki ne muka tsallake, kuma ba za mu gano shi ba muddin muna ɓoye cewa mun tsaya.

Malaman Larabci ma suna ba da labarin Halilu ɗan Ahmad na Basra, wanda ya tsara ilimin ma'aunin waƙa. Wani ɗalibi ya daɗe yana zuwa wurinsa abin ya ƙi shiga. Maimakon ya kore shi ko ya kunyata shi, sai ya ba shi wani baiti ya ce ya auna, baitin kuwa ma'anarsa ita ce in abu ya gagare ka ka bar shi, ka wuce zuwa wanda za ka iya. Ɗalibin ya gane, ya tafi. Magabata ba su ɗauki wannan a matsayin faɗuwa ba.

Wannan duk a ɓangaren littattafan ilimi ne. Inda abin ya fi damuna shi ne ɓangaren labaran Hausa, domin a nan 'ya'yanmu haifaffun wannan ƙasa ake yi wa hukuncin da ba su cancanta ba.

Ina da 'yar ƙanwa da aka haifa a Makka, a nan ta yi makaranta. Larabci take karantawa kamar ruwa, Hausa kuma ita ce harshen gida, da ita take hira da kakarta, da ita take faɗa da ƙannenta. Haruffan boko kuwa a darasin Turanci ta san su. Ta riƙa jin 'yan'uwanta na Kano suna zuzuta wani labari da ake sakewa a WhatsApp, har ta matsa wa uwarta aka biya mata. Kwanakin farko ba ta da zance sai nasa. Daga baya muka ji shiru. Da gwaggonninta suka gane ta daina, sai aka fara: "Ai yaran Makka ba sa son Hausa, sun zama Larabawa." Na kira ta gefe na tambaye ta a ina ta tsaya. Ta buɗe wayar ta miƙo mini ta ce: "Kawu, duba fa. Ni Hausa aka ce mini. Da zarar saurayin ya buɗe baki sai Turanci, ita ma ta mayar masa da Turanci. Rabin hirar ban san me suke cewa ba."

Na duba, gaskiyarta. A shafi guda, layin Hausa biyu, na Turanci uku. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, an raba waɗanda ya kamata a haɗe, babu aya babu waƙafi sai dogon zubi. Wanda ya tashi a Kano ko Kaduna yana cike waɗannan guraben da kunnensa ba tare da ya sani ba, Turancin ma ya saba da shi tun firamare. Ita kuwa harafi bayan harafi take bi, kuma harshenta na biyu Larabci ne. Yarinyar da ta nemi a biya mata kuɗi don ta karanta Hausa, ita ce aka ce ba ta son Hausa. Irinta suna da yawa a Makka da Jidda da Madina, haka ma a cikin 'yan'uwanmu na Sudan, daga Mai Wurno zuwa Gadarif da Kassala, inda Larabci ne harshen makaranta. Wasunsu da haruffan Larabci ma suke rubuta wa juna Hausa a waya. Kasuwa ce babba ta masu karatu da marubutanmu ba su san suna korarta ba.

Ba ina raina marubutan nan ba ne. Yawancinsu mata ne da ke rubutu a waya cikin dare bayan sun gama hidimar gida, babu kamfanin ɗab'i a bayansu, babu mai tace musu rubutu, kuma su ne suka riƙe karatun Hausa a hannun matasa tun daga littattafan kasuwar Kano na shekarun 1980 har zuwa yau. Amma tun wancan lokacin aka saba raba labari zuwa na ɗaya da na biyu da na uku don ciniki, yanzu kuma da ake sakin shafi kullum, jan labari ya zama hanyar riƙe masu biya. Rikicin da zai warware a babi biyar sai a kai shi talatin. A kawo kishiya, a kawo hatsarin mota, a kawo mantuwar ƙwaƙwalwa, a tura jarumi ƙasar waje ya dawo. Mai karatun da ta gaji ta fita ba ta ci amanar kowa ba. A labarin ƙirƙira marubuci ne ke da nauyin riƙe mai karatu, tunda shi ya gayyato shi. Littattafan da suka fito daga gasar rubuta labaran Hausa da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933, aka buga su a 1934, sirara ne ƙwarai, ana iya cinye ɗaya a zama biyu, kuma har yau ana karanta su a makarantu. Da marubutanmu za su riƙa tambayar waɗanda suka fita daga zaure a wane shafi suka gaji, da sun samu gyaran da masu yabo ba za su taɓa ba su ba.

Akwai kuma wanda ba littafin ne ya kore shi ba, ba kuma matakinsa ne bai kai ba, lokaci ne kawai. Rayuwar da yawa daga cikinmu a nan tana bin kakar baƙi. Wanda ke aiki a otal, ko shago, ko motar jigila, ko hidimar alhazai, daga azumi zuwa ƙaramar Salla barci ma a guntule yake samunsa, daga Zulƙida kuma har cikin Muharram ba ya da kansa. Littafin da aka fara a Shawwal da wuya ya tsallake Arfa. Irin wannan ba ya buƙatar wa'azi. Ya zaɓi gajere a lokacin aiki, ya bar dogo sai kaka ta wuce, in ya dawo kuma zaren ya ɓace masa ya koma baya kaɗan ba tare da jin ya yi asara ba.

Shi ya sa nake so mu sauya tambayar da muke yi wa juna. "Ka gama?" tambaya ce da ke tura mutum ga ƙarya ko ga kunya. In ka ce masa "a ina ka tsaya, me ya tsayar da kai?" sai hira ta buɗe. Wataƙila ka san ƙaramin littafin da zai buɗe masa babban. Wataƙila ka ce masa ya daure zuwa babi na gaba, daga nan abin ke daɗi. Wataƙila kuma ku haɗu a kan cewa littafin ne bai yi ba, ku huta.

Laifi ɗaya da nake gani a wannan lamari shi ne tsare littafin. Ka ajiye shi, ka san ba za ka koma ba, amma ka kulle shi a gilashi shekara da shekaru saboda fitar da shi tamkar amsa cewa ka kasa ne. A ƙasar da duk Alƙur'anin da ka ɗauka a masallaci za ka ga hatimin waƙafi a jikinsa, a garin da Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake da ɗakin karatu a buɗe ga kowa, bai kamata a ce mu ne masu ɗaure littafi ba. Kowace shekara sababbin ɗalibai na sauka Jami'ar Madina da ta Ummul Ƙura a Makka da 'yan kuɗin da ba su kai su sayi manyan littattafan da darasi ke nema ba. A gida kuma akwai makarantun Islamiyya da malamansu ke koyar da hadisi ba su da sharhi ko ɗaya da za su duba. Mujalladan da ke cikin leda a majalisunmu su ne abin da waɗannan suke nema ido rufe.

Ba kuma ina nufin a kwashe tarkace a jibga wa mutane ba. A duba wa ke buƙatar me. Wanda zai bayar ya rubuta a takarda ya saka a ciki, ya faɗi inda ya tsaya da dalilinsa, don na gaba ya san abin da zai tarar. Muna haɗuwa a walimar suna da ɗaurin aure da zaman bayan Juma'a, babu abin da zai hana a riƙa zuwa da irin waɗannan littattafai wurin. Ɗalibai na tafiya gida hutun ƙarshen shekara, masu Umra na zuwa suna komawa kusan duk wata, to hanyar aikawa ba ta yanke ba. Abin da ya rage shi ne a samu mutum biyu ko uku a kowace unguwa da za su riƙe rajista, su san wane littafi ne ke gidan wa, da kuma wanda ke nemansa.